Rance, kyautar kuɗi ko jari da rakiya: wanne ya fi raba gida da talauci?

A ce ƙungiyar cigaban gari ta tara naira miliyan 10 daga 'yan asalin garin da ke Legas, Abuja da Fatakwal. Ko kuma kwamitin zakka ne na masallacin Juma'a, ko wani attajiri da ya ware wani abu don marasa ƙarfi a mahaifarsa. Da an zauna, shawara kan kasu uku. Wasu su ce a raba wa mutane a hannu kowa ya san yadda zai yi. Wasu su ce a'a, kyauta lalata mutum take yi, a bayar rance kuɗin ya riƙa juyawa. Na uku su ce a sayi awaki ko kekunan ɗinki a ba su, don in aka ba su kuɗi cinyewa za su yi. Yawanci wanda ya fi kowa faɗa a ji a taron shi ke yanke hukunci, alhali fiye da shekara 20 ke nan ana gwada waɗannan hanyoyi uku a ƙasashe matalauta. Ana jefa ƙuri'a tsakanin ƙauyuka ko gidaje, wasu su samu tallafin wasu ba su samu ba, sai a bi su shekaru ana auna abin da suke ci, abin da suka mallaka da abin da ke shigo musu. Wasu daga cikin gwaje-gwajen nan ma a Nijar da arewacin Gana aka yi su, a ƙauyukan da noman gero da dawa da kiwon awaki ne rayuwarsu.

Kafin a zaɓi magani sai an san abin da ke hana gida tashi. A 1967 wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina tana bin yadda manoma ke rayuwa. Abin da ta lura da shi har yau bai tsufa ba: akwai manoman da talauci ya hana su noma. Suna da gona, amma rumbu ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka, don haka a daidai lokacin da gonarsu ke neman noman fari sai su tafi ƙwadago a gonar wani don a samu na tuwon dare. Ciyawa ta cinye tasu gonar, amfanin ya zo kaɗan, baɗi rumbun ya ƙare da wuri fiye da bana. Da kaka kuma, lokacin da hatsi ya fi arha, su ne ke fara kai wa kasuwa saboda bashi, suna, biki da kuɗin magani. Da damina su dawo su sayi hatsin nan a mudu da tsada. Idan ciwo ya shigo gidan, akuyar da ta rage ita ke tafiya.

Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya bi gidaje kusan 6,000 a karkarar Bangaladash tsawon shekara 11 bayan an ba matan gidajen shanu. Ya gano cewa akwai wani mataki na dukiya: gidan da abin da aka ba shi, haɗe da ɗan abin da yake da shi a da, ya haye wannan matakin, sai ya ci gaba da ƙaruwa da kansa. Wanda bai kai ba kuwa, a hankali ya koma inda ya fito. A ganina wannan ne ma'aunin da ya kamata a ɗora kowace hanya a kai: shin abin da za a bayar ya isa ya haye da gidan, kuma akwai abin da zai kare shi daga yunwar damina da ciwo har ya kafu?

Rance

Hujjar masu son rance mai ƙarfi ce. Kuɗi ba ya ƙarewa, wanda ya biya a ba wani, kuma mai karɓa ba ya jin an mayar da shi mabaraci. Da wannan tunanin Muhammad Yunus ya fara a 1976, lokacin da ya ranta wa mutum 42 a ƙauyen Jobra na Bangaladash abin da bai wuce dala 27 ba gaba ɗaya. Daga nan bankin Grameen ya samo asali a 1983, kuma a 2006 aka ba shi da bankin kyautar Nobel ta zaman lafiya. Shekaru da yawa ana ganin an samo maganin talauci.

Da aka zo aunawa sai murna ta ragu. A 2015 an fitar da sakamakon gwaji shida da aka yi a Bosniya, Habasha, Indiya, Meziko, Mongoliya da Maroko. Rance ya sa wasu sun faɗaɗa sana'a, ya ba mutane damar juyawa, kuma bai jefa yawancinsu cikin bala'i ba kamar yadda masu suka ke faɗa. Amma kuɗin shigar gidaje da abin da suke ci, in aka ɗauki matsakaici, ba su tashi yadda za a ce an fita daga talauci ba. A birnin Haidarabad na Indiya, da aka sake bibiya, sai aka ga ribar ta taru ne a hannun waɗanda dama suna da sana'ar da ke tafiya tun kafin rancen ya zo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Irin wannan rance ana fara biyansa mako ɗaya ko biyu da karɓa, kuma duk mako. Mai tuyar ƙosai da ke juya kuɗinta kullum za ta iya. Wadda ta sayi tunkiya don ta yi kiwo ta sayar da Babbar Sallah, daga ina za ta samo zubin makon farko? Daga cikin jarin, ko daga wani bashin. An gwada a birnin Kolkata na Indiya a ba masu karɓa hutun wata biyu kafin su fara biya. Ribar sana'o'insu ta ƙaru sosai, amma waɗanda suka kasa biya ma sun ƙaru, wato abin da ke amfanar mai karɓa shi ke tsorata mai bayarwa. Inda kuma kamfanoni suka yi rububin ba da rance ba tare da duba ba, kamar jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010, mata sun riƙa cin bashi a nan su biya can, masu karɓar bashi suna matsa musu, har aka yi ta ba da rahoton masu kashe kansu, gwamnatin jihar ta taka wa kamfanonin burki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane ciki ke iya ɗaukar irin wannan ba.

A wajenmu akwai ƙarin matsala biyu. Ta farko kuɗin ruwa. Mutane da yawa ba za su taɓa shi ba saboda addini, kuma in aka cire ruwan, wa zai biya ma'aikacin da ke yawon karɓar zubi, kuma wa zai cike gibin da hauhawar farashi ke yi wa asusun? A Disamban 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100. Miliyan 10 da aka ranta ba ruwa a irin wannan shekara, ko kowa ya biya ko sisi bai yi ciwon kai ba, ta dawo ne da ƙarfin abin da bai kai miliyan 8 ba. Ƙungiyar Akhuwat ta Pakistan, wadda aka kafa a 2001, ta nuna ana iya ba da rance marar ruwa a masallatai kuma a biya, amma da gudummawar masu hali take ɗaukar nauyin tafiyar da kanta. Ta biyu ita ce yadda ake kallon kuɗin da ya fito daga sama. Wanda ya ga yadda aka kaya da rancen TraderMoni na naira 10,000 da gwamnatin tarayya ta ba ƙananan 'yan kasuwa a 2018, da kuma kai ruwa rana da aka yi wajen karɓo bashin noman Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, ya san cewa da zarar mutane sun ɗauki rance a matsayin rabonsu, sunansa kawai rance. Idan kuma kuɗin na zakka ne, maganar ta ƙara tsauri, domin jumhurun malamai sun sharɗanta a mallaka wa mai karɓa, ba a ranta masa ba.

Akwai rance ɗaya da nake ganin ya dace da manomi ƙwarai, wanda aka daɗe ana yi a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990. Da kaka manoma su tara hatsinsu a ɗakin ajiya mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiyarsu ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba su kuɗi a kan hatsin, su yi hidimarsu ko noman rani, in farashi ya tashi su biya su kwashi abinsu. Wannan ya tare ainihin ƙofar da dukiyar manomi ke zurarewa ta ciki. Haɗarinsa shi ne shekarar da farashi bai tashi ba.

Kyautar kuɗi a hannu

Abin da ake fara faɗa kan wannan hanya shi ne za su lalatar, maza su ƙara aure ko su sha, mata su yi anko. An bincika wannan zargi fiye da kowanne. Wasu masana biyu sun tattara bincike daga Afirka, Asiya da Latin Amurka kan ko kyautar kuɗi na ƙara sayen giya da taba, ba su samu shaidar hakan ba, a wurare da dama ma raguwa aka gani. Haka zancen cewa mutane za su daina aiki bai tabbata ba. Meziko ta fara biyan gidaje matalauta a 1997 da shirin Progresa, Burazil ta bi da Bolsa Família a 2003, kuma yaran da ke zuwa makaranta da waɗanda ake kai wa asibiti duba lafiya sun ƙaru.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi girma a Afirka a yankin Siaya na yammacin Kenya aka yi shi, inda ƙungiyar GiveDirectly ta tura kimanin dala 1,000 ta waya ga gidaje sama da 10,500 a cikin ƙauyuka 653 da binciken ya shafa. Mutane sun sa rufin kwano, sun sayi dabbobi, abincinsu ya inganta. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne maƙwabtan da ba a ba su komai ba su ma sun samu, saboda kuɗin a kasuwar garin aka kashe shi, wajen mai shago, birkila, tela da mai babur. Masu binciken sun lissafa cewa duk dala ɗaya da aka shigar ta motsa hada-hadar kusan dala biyu da rabi, kuma farashi bai tashi yadda za a damu ba.

To amma akwai labarin Yuganda, wanda masu son kyautar kuɗi ba su cika ambata ba. A 2008 gwamnati ta ba ƙungiyoyin matasa a arewacin ƙasar kuɗi, kusan dala 400 ga kowane mutum, don su koyi sana'a su sayi kayan aiki. Bayan shekara 4 abin da suke samu ya fi na takwarorinsu da kashi 38 cikin 100. Bayan shekara 9 tazarar kuɗin shiga ta kusan ɓacewa, domin waɗanda ba su samu ba sun yi ta tarawa a hankali har suka cim musu. Wato kuɗin ya gaggauta musu isa inda dama za su isa. Shekarun da aka rage musu na wahala ba ƙaramin abu ba ne, amma wanda ya bayar yana tsammanin ya canja zuri'a ya kamata ya san wannan.

Babbar tambaya a nan ita ce dunƙule za a bayar ko wata-wata. A wani gwaji da aka yi tun farko a Kenya, waɗanda aka riƙa ba su duk wata sun fi samun wadatar abinci, waɗanda aka ba su a dunƙule kuma sun fi sayen abin da zai daɗe. Daga baya da aka kwatanta dala 500 a dunƙule da kusan adadin nan a rarrabe cikin shekara 2, dunƙulen ya fi haifar da sababbin sana'o'i. Dalili kuwa duk matar aure ta san shi: ƙaramin kuɗi ba ya kwana a gidan da ake da buƙata. Naira 5,000 da gwamnatin tarayya ta riƙa bai wa gidaje duk wata a zamanin Buhari, da naira 25,000 na wata uku da aka sanar a Oktoban 2023 bayan cire tallafin mai, duk na rage raɗaɗi ne. Suna da amfaninsu, domin yaron da ya ci ya ƙoshi a shekarunsa biyu na farko ya tsira daga tsumburewar da ba ta gyaruwa daga baya. Amma ba jari ba ne, kuma kuskure ne a auna su da mizanin jari.

A nan nake ganin ƙungiyoyinmu suka fi yin asara. Miliyan 10 in aka raba wa mutum 2,000, kowa zai tashi da 5,000, a ɗauki hoto, a yi addu'a, kafin mako ya zagayo babu ko alamarta. In aka ba gida 40, kowanne zai samu 250,000. Na farko ya fi daɗin sanarwa kuma ba ya jawo gaba. Na biyu shi ke da damar haye matakin nan da aka gani a Bangaladash, amma sai shugabanni sun iya jure kallon mutum 1,960 da ba su samu ba.

Yadda kuɗin ke isa hannu ma yana da tasiri. A lokacin ƙarancin abinci na 2010 an gwada a ƙauyuka 96 na jihar Tawa a Nijar: wasu mata su je su yi layi a ba su a hannu, wasu a turo musu ta waya. Adadin ɗaya ne, amma gidajen da aka tura wa ta waya sun fi cin abinci iri-iri. Matan ba su ɓata yini a hanya da layi ba, kuma kuɗin ya shigo ba tare da duk gari ya sani ba, don haka sun fi samun ta cewa kan yadda za a kashe shi.

Jari da rakiya

Wannan hanya ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ce ta ƙirƙiro ta a 2002, bayan ta lura cewa rancenta ba ya kaiwa ga waɗanda suka fi kowa talauci, domin su da kansu tsoron bashi suke, ƙungiyoyin mata masu lamunin juna ma ba sa ɗaukarsu. Tsarin ya haɗa abubuwa da yawa lokaci guda na kimanin shekara 2. A ba mace dabba ko kayan sana'ar da ta zaɓa. A koya mata yadda za ta kula da shi. A riƙa ba ta ɗan kuɗin abinci na wasu watanni don kada yunwa ta sa ta sayar da jarin. A buɗe mata hanyar ajiya, a kula da lafiyar gidan, sannan wani ma'aikaci ya riƙa leƙo ta akai-akai yana tambayar yadda ake ciki.

An gwada shi a kan gidaje sama da 10,000 a Habasha, Gana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru, aka fitar da sakamakon a 2015. Cikin masu binciken akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Shekara guda bayan an janye duk wani taimako, gidajen sun ci gaba da fin takwarorinsu abinci, dukiya da ajiya. Bisa lissafin masu binciken, duk dala 100 da aka kashe ta jawo amfanin dala 433 a Indiya, da 133 a Gana. A jihar Bengal ta Yamma da ke Indiya an koma bayan shekara 10 aka tarar tazarar na nan. Honduras ce aka yi asara, kuma dalilin abin lura ne ga duk mai shirin rabon dabbobi: yawancin gidajen kaji aka ba su, cuta ta shigo ta kashe su.

Ga wanda zai ce to a sayi awaki kawai a raba, arewacin Gana ya riga ya ba da amsa. An ware wasu gidaje aka ba su awaki zalla, ba horo, ba kuɗin abinci, ba mai leƙowa. An ware wasu aka ba su hanyar ajiya zalla. Babu ɗayan biyun da ya samar da ɗorewar da cikakken tsarin ya samar. Wannan shi ne ainihin abin da 'yan siyasarmu ke yi da sunan tallafin dogaro da kai: a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe a filin wasa, a miƙa, washegari dillalai su saye su rabin kuɗi a bakin ƙofa. Ba laifin mai karɓa ba ne kacokan. An ba ta keke ba ta iya ɗinki ba, a unguwar da teloli suka riga suka yi yawa, ga kuma yara ba su karya ba. Koyar da sana'a zalla ma ba ta tsira ba: a Ruwanda an kwatanta wani shirin horar da matasa da ba su kuɗin da horon zai ci a hannu, kuɗin ya fi tasiri a kan abin da suke samu da abin da suka mallaka.

Gwajin da ya fi kusa da mu shi ne na Nijar, wanda aka wallafa a 2022. Gwamnati dama tana biyan mata matalauta jika 10 na sefa, wato sefa 10,000, duk wata tsawon shekara 2. Sai aka ƙara musu ƙungiyar ajiya, horon kasuwanci da mai bibiya. Daga nan aka kasa su: wasu aka ƙara musu jika 80 a dunƙule, wasu aka ƙara musu abin da ba kuɗi ba, wato nuna fim a dandalin gari kan matan da suka tashi da sana'a, a tattauna da maza da dattawa a wurin, sannan a horar da matan kan tsara buri da yanke shawara. Kashi na uku aka haɗa musu duka biyun. Dukkan ukun sun ci gaba, amma in aka dubi abin da aka kashe, wanda ba a ƙara wa kuɗin dunƙule ba ya fi kowanne arha da riba. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne, a garuruwanmu jarin mace ba ya tsayawa sai mijinta, surukarta da mai gari sun yarda nata ne. In ba haka ba, rance da aro da "ba ni in sayo taki" za su cinye shi cikin wata uku.

Aibin wannan hanya tsada da wahala. Kaso mai yawa na kuɗin yana tafiya ne wajen ma'aikata, babur da mai. Tana buƙatar mutanen da za su jure zagayen gidaje shekara 2 ba tare da sun gaji ko sun fara karɓar na goro ba, da malamin dabbobi da zai yi rigakafi. Ƙungiyar da mambobinta ke Legas, suna zuwa gida sau ɗaya a shekara da Sallah, ba za ta iya ba, kuma gara ta faɗa wa kanta gaskiya tun kafin ta sayi akuyar farko. Akwai kuma batun tsaro. A sassan Zamfara, Katsina, Sakkwato da kudancin Maraɗi, ɗaure wa bazawara dabbobi a tsakar gida na iya zama kiran ɓarayi. A can kuɗin da ke cikin waya ya fi dabbar da ke turke aminci.

Abin da ke rage tsadar shi ne jingina da abin da gari ya riga ya sani. Fulani na da habbanaye, inda ake ba wanda ya rasa dabba aron uwa, ya riƙe 'ya'yan da ta haifa ya mayar da ita. Mata kuma na da adashi. A 1991 ƙungiyar CARE ta ɗauki adashin ta gyara shi a Maraɗi da sunan Mata Masu Dubara: mata su yi zubi duk mako a akwati mai kwaɗo, su ranta wa junansu, su ware asusun taimakon gaggawa, ƙarshen zagaye su raba. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Wani gwaji a Gana, Malawi da Yuganda ya nuna yana ƙarfafa sana'o'in mata da muryarsu a gida, amma shi kaɗai bai ɗaga abin da gidaje ke ci ba. Wuri ne na adana jari, ba ya haifar da jarin da babu.

Wa za a ba me

Tsoho, mai lalura, da bazawarar da ke riƙe da ƙananan marayu ba mai taya ta: kuɗi ko hatsi a kai a kai, musamman daga faɗuwar ruwa zuwa fitar sabon gero. Ba su jari ɗora musu nauyi ne, ba su rance kuwa zalunci ne. Mai sana'ar da ke tafiya, wanda ciniki ya fi ƙarfin jarinsa, kamar mai shago, mai sayar da hatsi ko mai noman rani da ke neman injin ban-ruwa: shi rance ya dace da shi, da hutun biya da ya yi daidai da lokacin da sana'ar ke kawo kuɗi, kuma ba daga zakka ba. Gidan da ke da masu ƙarfin aiki amma ba shi da komai sai ƙwadago, wanda shi ne mafi yawa a ƙauyukanmu: in akwai mutanen da za su bi shi shekara 2, jari da rakiya ya fi. In babu, a ba shi kuɗi a dunƙule mai kauri, a hannun wanda zai juya shi, a sa shi cikin ƙungiyar ajiya, a bar shi ya zaɓi abin da zai yi. Gara kuɗi a dunƙule da tsarin rakiyar da aka fara aka watsar a rabin hanya.

Masu zakka na da madogara a fiƙihu kan bayar da mai kauri. Malikiyya sun halatta a ba fakiri abin da zai ishe shi shekara, Shafi'iyya kuma suka tafi har ga ba mai sana'a kayan aikin da zai wadatar da shi. Babu inda aka wajabta a yayyafa wa kowa.

Duk wannan gida-gida ne. Ƙasashen da suka fitar da miliyoyin mutane daga talauci, kamar Sin bayan 1978 da Biyetnam bayan 1986, da gyaran noma, masana'antu, wuta, hanya da makaranta suka yi, kuma ba ƙungiyar gari ce za ta farfaɗo da masaƙun Kaduna ko masana'antun Sharaɗa da Bompai ba. Hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ke cikin talauci mai fuskoki da yawa. Miliyan 10 ba ta taɓa wannan adadi, gida 40 kawai take iya taɓawa.

Saura zaɓen gidajen, inda yawancin shirye-shirye ke mutuwa tun kafin a fara. In aka bar wa mutum ɗaya rubuta sunaye, ko mai unguwa ne ko shugaban ƙungiya, danginsa da masu gaishe shi za su cika takardar. Abin da BRAC ke yi shi ne a tara mutanen gari su jera gidaje da kansu daga mai hali zuwa marar komai, sannan wani da ba ɗan unguwar ba ya shiga gidajen da aka ambata ya duba rumbu, turke da rufin ɗaki. In waɗanda suka cancanta sun fi kuɗin yawa, a jefa ƙuri'a a bainar jama'a, a rubuta sauran don zagaye na gaba. Lokacin bayarwa kuma a duba shi: jarin da aka miƙa a tsakiyar damina, rumbu ba komai, tukunya zai shiga. A miƙa shi bayan kaka, sannan a ware wani kaso na kuɗin tun farko don ciyar da gidajen nan a watannin Yuli da Agusta masu zuwa.